Ƙafar 'Yar Fari

Wari ne ya fara gaya wa Hadijatu, tun kafin idonta ya gani. Tana zaune cikin mata a gidan suna a Sara, ana ta miƙon kwanukan waina, sai wata yarinya ta ratso tsakar gida da bokitin ruwa a ka, tana jan ƙafar hagu. An naɗe mata ƙwauri da tsumman zane, ƙudaje na biye da ita. Munawwara ce, shekararta goma, 'yar Hadijatu ta fari.

Hadijatu ta sunkuyar da kai, don haka aka koya mata. A danginsu mace mai mutunci ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, ba ta tambayar ko ya ci ko bai ci ba. Ranar da aka yaye Munawwara, Barau, wan mijinta, ya aiko aka ɗauke ta daga Wurno, inda iyayenta ke zaune, aka kai wa matarsa Kubra riƙo, saboda ita duk maza ta haifa. Hadijatu ba ta ce uffan ba. Shekara takwas ana yabon kunyarta a gidajen biki, ita kuwa tana satar kallon yarinyar ta gefen mayafi.

Da mata suka fara raguwa sai ta bi facalar tata bayan ɗaki, inda Kubra ke sana'arta ta gumi. Rabin duro uku ne a kan murhu, a ciki take dafa shinkafa shanshera, ta shanya, ta kai inji, ranar kasuwa ta sayar.

"Yaya Kubra, waccan, me ya same ta a ƙafa?"

"Wace ce waccan?" Kubra ta sani sarai, so take ta ja mata rai. "Au, 'yata? Ruwan gumi ne ya ɗan zubo mata. Rawar kai gare ta. An sa mata gashin zomo, har ya fara kamewa."

"Kwana nawa ke nan?"

"Bai fi goma ba. Ke Hadijatu, yau ke ce da bin diddigi? Rufa wa kanki asiri, kar mata su ji ki."

Abin da ya fara kamewa ba ya wari. Hadijatu ta san haka, Kubra ma ta sani.

Washegari da hantsi ta sami mijinta Jafaru yana wanke babur a zaure. Ta gaya masa abin da ta gani, ba ta rage komai ba. Ya ci gaba da dirzar taya kamar da ita yake magana.

"Ƙuna ce fa. Wane yaro ne bai taɓa ƙonewa ba?"

"Malam, ruɓewa take yi. A ɗauko ta a kai ta asibiti, in ta warke a mayar musu."

"Wa zai ɗauko ta? Ni? Yaya ne ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya yi mini aure. Da wane baki zan je in ce masa bai iya riƙo ba? Na ba shi, na ba shi ke nan."

"Ƙafarta ma ka ba shi?"

Ya ɗago ya dube ta, ya ce tun da suke bai taɓa jin ta yi masa irin wannan magana ba. Ya tura babur ya fice, kumfa ma bai ɗauraye ba.

Bayan mako guda ta koma Sara ba tare da wani suna ko biki ba. Wannan karon Munawwara ba ta tafiya. An zaunar da ita a kan kifaffen turmi a bakin shanya, an ba ta dogon kara tana korar kaji. Wato da ƙafa ta gaza, ba asibiti aka nema mata ba, aikin zaune aka nema mata. Leɓɓanta sun bushe, idonta ya yi ja.

"Adda, sannu da zuwa," in ji ta. Haka take kiran Hadijatu, ita a saninta matar ƙanen babanta ce.

Hadijatu ta durƙusa ta kwance tsumman. Gashin zomon ya manne da nama ya koma baƙi, wani mai hikima kuma ya ƙara baƙin man inji a kai. Ruwa mai kauri na tsatsowa daga ƙasa, ƙafar ta kumbura har idon sawu ya ɓace. Ta taɓa goshin yarinyar, zafi rau.

Tana nan durƙushe Barau ya shigo. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma mutane na ɗaukar hakan a matsayin dattako.

"Hadijatu, da izinin wa kika zo?"

"Yaya, ka yi wa Allah, a kai yarinyar nan Birnin Kudu."

"A kai musu ƙafa su yanke? Aikinsu ke nan. Da gashin zomo aka yi wa kakanninmu, ni kaina ga tabo a hannuna. Ciwo sai ya fitar da ruwansa yake warkewa." Ya gyara hula. "Abin da ya fi ba ni mamaki ke ce. Tun yaushe uwa ke tsallako gari ta zo duba 'yar fari? Mu da muke alfahari da kunyarki. Ɗaure mata ƙafa ki tashi, kar kuma in sake ganin ki a gidan nan sai da mijinki."

Kubra ta leƙo daga madafa ta ce ita ta ci kashin yarinya da fitsarinta, yanzu da ta isa moro ne za a tuna an haife ta. Wannan kalma ta moro, ita kaɗai ce gaskiyar da aka faɗa a gidan ranar.

Hadijatu ta je wa mai unguwa. Ya saurare ta yana jan carbi, ya ce zancen cikin gida ne, 'ya kuma ta uba ce, uba ya bayar. Ta je wa wata goggon su Jafaru, aka ce ta yi haƙuri, ta yi addu'a. Kowa na da haƙurin da zai ba ta, tunda ba a jikinsa naman ke ruɓewa ba.

A rediyo ta taɓa jin an ce akwai lauya, mai tsaya wa mutum a gaban alƙali. Ba ta taɓa ganin lauya ido da ido ba, a tunaninta na 'yan siyasa ne da masu motoci. Amma ta goya autanta Ismail, ta ce wa Jafaru rigakafi za ta kai shi, ta hau mota zuwa Birnin Kudu.

A gindin wata maina kusa da kotu ta tarar da mai rubuta wa mutane takardar ƙara, da ɗan teburinsa. Tun ba ta kai ƙarshe ba ya ajiye biro.

"Wan mijinki za ki kai ƙara? Ina shi mijin? Baiwar Allah, aurenki kike neman kashewa. Ni ba ruwana." Ya nuna mata wani bene da haɓa. "Ga lauyoyi can, masu baƙar riga."

Ta hau benen, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta tsuguna a ƙasa duk da ga kujeru nan jere ba kowa a kai. Babu wanda ya ce mata tashi ki zauna. Wata budurwa a bayan kwamfuta ta yi mata Turanci, da ta ga ba ta gane ba ta ce oga na Dutse, ta dawo Laraba. Ran Laraba oga na Kano. Ran Litinin ta yi sa'a ta tare shi a matakala yana saukowa, waya a kunne. Ta bi shi tana bayani har bakin mota.

"Mu filaye da kwangila muke yi," in ji shi, bai ko cire wayar ba. "Rikicin gida ki je wa dagaci."

Kwana goma sha biyu ta kashe a hawan wannan bene. Ya isa a ce tun ranar farko budurwar nan ta faɗa mata haka, amma wa zai ɓata yawunsa a kan matar da ta tsuguna a ƙasa?

Daga nan ba ta san inda za ta nufa ba, sai ƙafarta ta kai ta asibiti, wajen da ake yi wa yara rigakafi. Ta zauna a benci tana hawaye. Wata nas mai suna Martina, wadda ta saba yi wa Ismail allura, ta gane ta, ta ce ai lokacinsa bai yi ba, me ya kawo ta? Hadijatu ta ce 'yar wata maƙwabciyarta ce ta ƙone, ta kwatanta mata ciwon.

Martina ta ajiye abin da ke hannunta. "Wata guda? Da zazzaɓi? Maman Ismail, wannan yarinya yau ya kamata a kawo ta, ba gobe ba." Ta ƙura mata ido. "Kuma ba a yi wa 'yar maƙwabta irin wannan kuka. Su wa suka hana?"

Da ta ji labarin sai ta yagi takarda ta zana mata hanya. Ta ce akwai wata Barista Ummussalma a bayan kasuwa, tsakanin shagon tela da mai cajin waya, ita ta tsaya mata lokacin da mai gidan haya ya fitar mata da kaya waje. "Ba ta da bene, amma tana jin magana. Ki ce ni na turo ki."

Shago ne ɗan ƙarami, tebur ɗaya, kujera biyu, tabarma a gefe. Hadijatu ta tsuguna kamar yadda ta saba. Matar da ke bayan teburin, 'yar siririya mai tabarau, ta ce ta hau kujera. Da ta ƙi, sai ita ta ɗauko littafinta ta sauko tabarmar, ta miƙa wa Ismail biskit, ta ce, "To Yaya, ina jin ki. Fara daga inda kika ga dama."

Ba wanda ya taɓa barin Hadijatu ta kai ƙarshen wannan magana sai ranar. Da ta gama, tambayar da ke cin ta ta fito.

"Barista, an ce ba ni da iko da ita. Wai 'ya ta uba ce."

"Sunan uba take ɗauka, ciyar da ita ma a wuyansa yake. Amma a riƙo, shari'a ba ta sa wan uba a gaban uwa ba. Kuma ko wane ne ke riƙe da yaro, ba shi da ikon hana shi magani. Wanda ya gaya miki akasin haka, ko bai sani ba, ko ya sani ya ɓoye." Ta buɗe biro. "Yaya sunanta?"

Hadijatu ta dubi tabarma. "Ita waccan ɗin..."

"Alƙali ba zai aika sammaci a kan waccan ba. Na san abin da ke miki nauyi, ni ma 'yar fari ce, uwata har ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Amma daga ni sai ke a nan, takarda kuma sai da suna."

Sai da tela na maƙwabta ya gama layin ɗinki ya tsaya, sannan ta iya. "Munawwara." Da ƙyar aka ji. Ta sake faɗa, wannan karon da kyau, ta rufe fuska da mayafi.

Ummussalma ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce aurenta na iya girgiza, dangin miji za su juya mata baya, ta yi tunani. Hadijatu ta ce wata guda ta yi tana tunani. Zancen kuɗin aikinta kuwa, lauyar ta ce a bar shi sai yarinya ta kwanta a gadon asibiti.

Washegari da sassafe suka tafi Sara da wasiƙa, ko Barau zai ba da yarinyar cikin girma da arziki. Bai ko karɓa ba. Ya ce tunda aka kawo masa lauya ƙofar gida, mace ma, to a haɗu a gaban alƙali, ya ga wanda zai raba shi da 'yarsa. Daga nan suka wuce kotun Gwaram, Ummussalma ta shigar da ƙara, ta roƙi a gaggauta saboda rai. Aka sa kwana uku, aka ce a zo da yarinyar.

Ranar zama Barau ya zo da farar riga da mutum biyar a bayansa. Jafaru na cikinsu, ya ƙi yarda su haɗa ido da matarsa. A kan babur aka kawo Munawwara, Kubra ta rungumo ta, ta lulluɓa mata sabon zane har ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Barau, "a tambayi duk wanda ya san mu. Shekara takwas matar nan ba ta taɓa ɗaukar yarinyar nan ba. Ba ta taɓa tambayar cinta ko shanta ba. Ko sunanta ba ta taɓa kira ba. Yau ne ta san 'yarta ce?"

Mutanensa suka gyaɗa kai. Su ne fa suka koya mata shirun, su suka yi ta yabonsa a gidajen biki, yau kuma suka ɗauko shi suka aje a gaban alƙali a matsayin shaidar ba ta damu ba. Hadijatu ta ji kamar ta kurma ihu.

Barau bai tsaya nan ba. Ya juya ga yarinyar ya nuna Hadijatu. "Ke, wace ce wannan?"

"Adda ce," in ji Munawwara a hankali.

"Ina uwarki?"

Ta ƙanƙame Kubra.

Ummussalma ta miƙe. Ba ta yi dogon Turanci ba, ba ta ma yi Turanci ba. Ta ce duk wanda ke ɗakin nan ya san dalilin da ke hana uwa kiran 'yar fari, shi kansa mai maganar mahaifiyarsa ba ta kira nasa ba, tunda shi ne babba. Ta ce ba ta zo gardamar wa ya fi son yarinya ba. Abu ɗaya take roƙo, a ɗaga zanen nan.

Kubra ta ce ai iska ba ta son ciwon. Alƙali ya ce a ɗaga.

Masinjan kotu da ke kusa ya ja da baya, ya toshe hanci da hula. Baƙin ya haura kusan gwiwa, 'yan yatsun sun canza kama. Alƙali ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi Jafaru ko shi ne uban, ko kuma ya taɓa buɗe ƙafar ya gani. Jafaru ya ce Yaya ya ce da sauƙi. Nan take alƙali ya ba da umarni a wuce da ita asibiti daga nan, a hannun uwarta, sauran magana a dawo daga baya.

Da ƙyar aka ɓamɓare ta daga jikin Kubra. Tun daga Gwaram har Birnin Kudu tana kuka tana kiran Inna, tana ture hannun Hadijatu.

Likita ya duba, ya kira wani likitan, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce wa Hadijatu naman ya mutu, ciwon ya shiga jini, in ana son ranta sai an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya ce da mako biyu da suka wuce ne, da wata maganar ake. Hadijatu ta tuna inda take mako biyu da suka wuce: tana tsugune a kan bene tana jiran oga. Ita ta dangwala yatsa a takardar yarda a yi aikin, don an nemi uban an rasa.

Kwana huɗu bayan aikin Jafaru ya bayyana da rana tsaka, riƙe da buhun leda. Bai shiga ɗakin ba, a baranda ya tsaya.

"Yaya ya ce in gaya miki, ga abin da ya guda nan. Ya ce a kai musu ƙafa su yanke, kin kai, sun yanke. Ya ce alhakin yarinyar nan a wuyanki yake."

Hadijatu ta dubi buhun. "Wannan fa?"

"Kayanta ne. Yaya Kubra ta ce tunda kin nace, ki riƙe abarki. Ta ce ita yanzu hidima ta yi mata yawa, ba za ta iya da jinya ba. An ma kawo mata 'yar ƙanwarta daga ƙauye." Ya sosa ƙeya. "Don haka sai ki ce wa lauyarki a janye ƙarar, magana ta ƙare. Kin samu abin da kike so."

Ta buɗe buhun. Riguna uku ne da zane ɗaya, da takalmin roba. Ƙafa biyu suka sako, ko wannan ba su tsaya sun duba ba. Mutumin da ya tsaya gaban alƙali yana cewa a ga wanda zai raba shi da 'yarsa, kwana huɗu ya ishe shi ya gane ba 'ya yake riƙo ba, mai ɗebo ruwan gumi ce.

Ta bar Jafaru a tsaye ta koma ciki. Munawwara ta farka, idonta na kan ƙofa, inda yake tun ranar da aka kawo ta.

"Adda, na ji muryar Bappa Jafaru. Tare da Inna suka zo?"

Hadijatu ta tura buhun ƙarƙashin gado da ƙafa. Ta gyara mata matashi, ta ba ta ruwa, ta ce ba yau ba. Yarinyar ta ce ƙila gumi ne ya riƙe ta, tunda ba mai kore mata kaji. Ta juya fuska bango.

Hadijatu ta roƙi matar gadon kusa ta sa mata ido, ta gyara goyon Ismail, ta fita. Ta wuce Jafaru a baranda yana tambayar ina za ta. A ƙasa ta taka har bayan kasuwa. Wannan karon ba ta tsuguna ba, a tsaye ta yi maganar.

"Barista, sun ce in janye, wai sun bar mini ita. Wanda ya ga ƙafar yarinya na ruɓewa wata guda ya hana a kai ta magani, shari'a na da abin da za ta ce masa?"

"Tana da shi. Amma ki sani, ba Barau da Kubra kaɗai zai shafa ba. Akwai wanda aka gaya wa tun ranar farko, bai je ya duba ba."

"Na sani," in ji Hadijatu. "Rubuta. Ki fara da sunan mijina."